Kundin sani na Wikipedia ba rumfar kasuwa ba ne

Ƙaramar hukumar Tunuga, cikin gundumar Gaya ta jihar Doso, tana bakin kogin Kwara, inda iyakar Nijar ta haɗu da ta Najeriya da ta Benin. Mutanenta manoma ne da masunta da fatake, waɗanda suka saba da hanyar Kamba da ta Malanbil tun kafin zuwan wayar salula. Yanzu kuwa duk wanda ya rubuta sunan garin a cikin wayarsa, ko yana Yamai ko yana Turai, zai tarar da bayaninsa a kundin Wikipedia, da Faransanci da Turanci da Jamusanci. Ganin haka ne ke sa ɗan kasuwa ya yi tunani: tunda sunan garin ya shiga, me zai hana sunan shagonsa da lambar wayarsa su bi baya?

Amsa ita ce doka ta hana. An kafa Wikipedia ranar 15 ga Janairu 2001 a ƙasar Amurka, kuma ƴan sa kai ne ke rubuta shi cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa. Kowa na iya gyara shafi, amma ba a sayar da fili ga masu talla. Gidauniyar Wikimedia da ke riƙe da shi da gudummawar jama'a take tafiya. Saboda haka masu kula da kundin suna ɗaukar tallan cushe tamkar tsakuwa cikin buhun shinkafa: tana ƙara nauyi, tana zubar da darajar kaya.

Abin da aka hana

An hana saka mahaɗin da babu abin da yake yi sai kai mai karatu wurin sayar da kaya. An hana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya ana liƙa adireshi guda. Shafin da aka rubuta don yabon kamfani kawai, ana iya share shi nan take. Wanda ya nace, a rufe masa ƙofar rubutu, adireshinsa kuma ya shiga baƙin kundi, wanda ɗaya daga ciki ya shafi dukkan harsuna, ta yadda na'ura ba za ta ƙara karɓarsa ba. Tun shekarar 2007 ma, sashen Turanci ya sa wa mahaɗan waje wata alama da ke hana su ɗaga darajar mai su a wurin binciken Google. Ke nan ribar da ake hange babu ita.

Abin da aka yarda da shi shi ne shaidar wasu: jarida, littafi, rahoton bincike, ko ƙidayar jama'a irin wadda aka yi a Nijar a 2012. Kamfani ba ya samun shafi sai majiyoyin da ba su da hannu a cikinsa sun yi cikakken bayani a kansa. Hausawa sun ce yabon kai jahilci.

Manya ma sun sha kunya

A 2013 an rufe sunayen shiga fiye da 250 da aka danganta da kamfanin Wiki-PR na Amurka, mai karɓar kuɗi yana gyara wa mutane shafuka a ɓoye. Bayan haka, a watan Yunin 2014, gidauniyar ta wajabta wa duk wanda ake biya don ya yi rubutu ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki. A ƙarshen Agustan 2015 aka bankaɗo wata ƙungiyar ƴan damfara da aka laƙaba wa suna Orangemoody: an rufe sunaye 381, an share shafuka fiye da 200. Ƙananan ƴan kasuwa suke farauta. Su karɓi kuɗin rubutu, sannan su nemi dalar Amurka 30 kowane wata wai ladan gadin shafi. A watan Mayun 2019 kuma kamfanin tufafi The North Face ya nemi gafara, bayan an gano an musanya hotunan wuraren yawon buɗe ido da masu ɗauke da tambarinsa.

Darasi ga fatake da ma'aikata

Rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tauye cinikin yankin, kuma a lokacin ƙunci ne mai neman kasuwa ke saurin faɗawa hannun macuta. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi jika hamsin ya sa sunan shago cikin kundin, kuma ya yi alkawarin ba za a taɓa shi ba, ya sayar da abin da ba nasa ba, domin babu mai mallakar shafi. Haka ma'aikacin da shugabansa ya umurta ya rubuta tarihinsa: dole ne ya bayyana alaƙarsu, kuma tarihin kowane gyara a fili yake, kowa na iya dubawa.

Talla tana da wurarenta: rediyon gari, shafin jarida, Facebook da WhatsApp. Abin da kundin ke buƙata daga ƴan Tunuga shi ne bayani mai shaida a kan ƙauyukansu, da noman shinkafa da rake, da kamun kifi, musamman da harshen Hausa. Idan baƙo ya karanta ya san abin da ƙasar Dendi ke nomawa, shi da kansa zai nemi hanyar kasuwarta.