Ranar da radiyon Afirka ta Kudu ya yi shelar nasarar da babu ita

Mai ba da labarin ƙwallo a radiyo, shi ma ɗan ƙasa ne. Yana son ƴan wasan ƙasarsa su ci. Wannan ba laifi ba ne. Amma idan son ya rufe masa ido, sai ya faɗa wa mutane abin da suke so su ji.

Haka ta faru ranar 8 ga watan Oktoba na shekarar 2011.

Ƙasashe huɗu suke rukuni guda, suna neman zuwa gasar kofin Afirka ta 2012: Nijar, Masar, Saliyo da Afirka ta Kudu. A ranar, Masar ta ci Mena 3 da 0. Afirka ta Kudu kuwa ta yi kunnen doki da Saliyo, babu ci. Sai ga Nijar da Saliyo da Afirka ta Kudu kowa da maki 9.

To, wa zai wuce?

Mutanen Afirka ta Kudu suka ƙirga ƙwallayen da suka ci da waɗanda aka ci su, suka ga sun fi kowa. Ƴan wasansu suka yi ta rawa a fili. Radiyo da talabijin na gwamnatinsu suka yi shela cewa sun wuce.

Ashe ba a duba doka ba. Dokar gasar ta ce idan maki ya zo daidai, wasannin da ƙasashen suka yi tsakaninsu ake dubawa. A nan Nijar tana da maki 6, don ta ci su duka biyu a Yamai. Su kuwa 5-5 gare su. Mena ce ta wuce, karo na farko a tarihinta.

Dokar nan a rubuce take tun kafin a fara. Ɗan jarida aikinsa ne ya karanta ta, ya gaya wa masu saurare, ko da ba za ta yi musu daɗi ba. Waɗannan sun bi murnar ƴan wasa, sun bar takarda.

Kada mu yi musu dariya da yawa. Mu ma idan Mena ta sha kashi, sau da yawa alƙalin wasa muke fara zagi. A gasar 2012 ɗin, Gabon da Tunisiya da Maroko duk sun ci mu. Ƙwallo ɗaya tak muka jefa a raga.