Ƙwayar Gyada Biyu da Hoton Ciwon Daji

Duk wanda ya taɓa zama wajen ɓarar gyada a ƙauyukan Kunci ya san yawancin bawo ƙwaya biyu yake ɗauka. In ka matse shi da ƙarfi, ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma. Na'urar PET, wadda likitoci ke farautar ciwon daji da ita, kusan haka aikinta yake.

Ana yi wa majiyyaci allurar wani irin sukari mai ɗauke da sinadarin fulorin-18. Ƙwayoyin daji mayun sukari ne, don haka a wurinsu yake taruwa. Sinadarin yana sakin fositiron, wanda da zarar ya ci karo da ilektiron sai su biyun su ɓace, su bar tartsatsin haske biyu, kowanne ya nufi kishiyar ɗan'uwansa. In zoben na'urar da ke kewaye da majiyyaci ya kama biyu cikin 'yan nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, sai ya ja layi tsakaninsu ya ce a kan layin nan aka haife su.

To amma a tabarmar da mutum goma ke ɓara, ƙwaya biyu na iya faɗuwa tare alhali ba bawonsu ɗaya ba. Haka na'urar ke haɗa tagwayen ƙarya, su zuba hazo a hoto. Abin ban haushi, in aka ninka maganin sau biyu, tagwayen gaskiya sau biyu suke ƙaruwa, na ƙarya kuwa sau huɗu. Yawan allura ba kullum yake gyara hoto ba.

Ba a iya nuna na ƙarya ɗaya bayan ɗaya, sai dai a ƙiyasta yawansu. Dabarar da ta fi burge ni ita ce na'urar ta yi wa kanta tarko: ta jinkirta agogon ɓangare ɗaya da gangan, yadda tagwayen gaskiya ba za su taɓa haɗuwa ba. Duk abin da ya haɗu a nan katari ne kawai, sai a cire adadinsa. Wata hanyar kuma, a ƙirga tartsatsin da kowane idon na'urar ya kama shi kaɗai, a fitar da adadin ta lissafi. Wannan ta fi ba da hoto mai tsabta, muddin ma'aunin na'urar daidai yake.

A Najeriya, da farko Legas ake zuwa don wannan hoto, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano. Maganin ba ya jira: duk minti 110 ƙarfinsa na raguwa da rabi, bayan awa 11 kashi 1 cikin 64 ne ya rage. Saboda haka duk mai shirin kawo PET Arewa, ya sa injin sarrafa maganin cikin kasafinsa tun farko, tare da albashin masanan da za su riƙa duba lissafin tagwayen ƙarya.