Albasar Aliero da Kitsen da Ke Cikin Jini

Hausawa kan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ilimin likita ya gaskata wannan karin magana ta wata fuska, domin a cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, watau bakteriya, waɗanda ke ci daga abin da ya ci, kuma suna da hannu a kan yawan kitsen da ke yawo cikin jininsa.

Ga yadda abin yake. Hanta takan sarrafa wani kitse mai suna kolestarol ta yi ruwan maɗaciya da shi, ta tura hanji don narkar da maiƙo. Galibin ruwan nan yakan koma hanta. Amma wasu bakteriya kan sauya shi yadda zai fita tare da bayan gida, sai ya zama tilas hanta ta janyo wani kolestarol daga jini ta yi sabo. Da haka kitsen jini kan ragu.

A shekarar 2015 masana a Groningen ta ƙasar Holan suka binciki mutum 893, suka gano cewa bakteriyar hanji ce sanadin kimanin kashi 6 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen wani nau'in kitsen jini. Kashin ba shi da yawa, domin gado da ƙiba da rashin motsa jiki duk suna da nasu rabo. Amma kashi ne da ke hannun mutum.

Abincin waɗannan halittu shi ne ɓangaren tsiro da cikin mutum ba ya narkarwa. Albasar da aka san Aliero da ita tana ɗauke da shi, haka ma wake da gero da dawa da ake aunawa a kasuwannin Jega da Maiyama, muddin surfe bai raba su da dusarsu duka ba.

Saboda haka ma'aikacin da ya bar fura da tuwon dawa ya koma ga farin burodi da lemon kwalba, sa'an nan yake shan kafso ba da umurnin likita ba, ya hana waɗannan halittu abinci, ya kuma karkashe su. Kitse kuwa idan ya taru a jijiyoyin jini ba ya sallama, sai dai a ji bugun zuciya ko shanyewar jiki. Wajibi ne wanda ya manyanta ya je asibiti a auna jininsa, ya kuma riƙe abincin gida.