KIFIN TEKU YA MAMAYE TUKUNYAR DAFA-DUKA A KURUDU

Kurudu wani gari ne a yankin Birnin Tarayya, Abuja, a kan hanyar da ta taso daga Nyanya, ta ratsa Karu da Jikwoyi, ta nufi Karshi. Da can ƙauyen manoma ne, amma tun da aka dawo da hedkwatar ƙasa daga Ikko a 1991 sai ya cika maƙil da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin haya ya koro daga tsakiyar birni. Daga nan zuwa bakin teku a Ikko tafiya ce ta fiye da mil 400. To, amma duk wanda ya leƙa tukunyar dafa-duka a gidajen garin, galibi kifin teku zai tarar a ciki, watau kifin ƙanƙara irin su taitus, tare da garin kirefish don ƙarin ɗanɗano.

Wannan kifi ba masuntan Arewa ne suka kama shi ba. Akasarinsa jiragen ruwa ne ke kawo shi a daskare daga ƙasashe irin su Norwe da Holan, a sauke a Apapa, a loda a manyan motoci masu sanyi zuwa Abuja, sa'an nan 'yan sari su rarraba shi unguwa-unguwa. Shi kuwa kirefish, yawanci daga wajen Oron ta Jihar Akwa Ibom ake kawo shi a buhuna.

Haɗa shinkafa da naman ruwa a tukunya guda ba a Nijeriya kaɗai ake yi ba. A ƙasar Sifen akwai wata dafa-duka da ta shahara a duniya, wadda suke kira fa'ela, kuma asalinta daga lardin Balensiya ne. Larabawan Andalus ne suka yaɗa noman shinkafa a can, har ma sunan da mutanen Sifen ke kiran shinkafa daga Larabci suka aro shi. Ana dafa ta a wani faffaɗan kasko na ƙarfe marar zurfi mai hannu biyu, bisa wutar itace. Sai an soya nama da tumatir cikin man zaitun, a zuba ruwa da za'afaran, kana a baza shinkafa. Daga nan ba a ƙara motsa ta har ruwan ya tsotse, ƙasan ya yi ƙanzo. Wannan ƙanzo kuwa shi ne abin rububi a wurinsu, kamar yadda yara ke yi a gidajen Hausawa, kuma bisa al'ada a kaskon ake zagayewa a ci tare.

Abin lura shi ne, fa'ela ta asali abincin manoma ce, da kaza da zomo da wake da dodon koɗi ake yin ta. Mazauna gaɓar teku su ne suka sa jatan lande da sauran halittun ruwa, domin abin da ke kusa da su ke nan. Watau kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi yake cika kaskonsa.

A nan ne lamarin Kurudu ya zama abin tunani, domin Arewa ba ta rasa ruwa ko masunta ba. Sarkawa sun gaji su kaka da kakanni a kogin Kwara da gulbin Kabi, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu, ya isa shaida. Shekara da shekaru kifin banda na Baga ne ke cika kasuwannin Kudu har Onica da Ikko. Amma tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, ko da yake ruwan ya ɗan farfaɗo daga baya. Bugu da ƙari, harin da 'yan Boko Haram suka kai Baga a Janairun 2015 ya tarwatsa dubban masunta, ya kuma durƙusar da cinikin na tsawon shekaru. A wasu koguna kuma, masu sa koma mai ƙananan idanu da masu zuba guba suna kwashe har 'ya'yan kifi, abin da sarakunan ruwa suka hana tun zamanin da.

Saboda haka giwan ruwa da ragon ruwa sun zama na masu hali, talaka kuwa sai tarwaɗar kiwo ko kifin ƙanƙara. Shi kuma na ƙanƙara da kuɗin ƙasashen waje ake sayo shi, don haka duk sa'ad da Naira ta faɗi, sai yankan kifi ya ƙanƙance a kwanon yara. Ga kuma matsalar ɗaukewar wutar lantarki, wadda kan sa kifin ya narke a sake daskarar da shi, har ya zama haɗari ga mai ci.

Su kuwa 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende da Fatakwal, teku na ƙofar gidansu, amma da yawansu ko kallon ƙaguwa da jatan lande ba sa son yi, wasu ma suna tsammanin haramun ne. Alhali kuwa a mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen Arewa ke bi, halittun teku halal ne. Ƙyama ce kawai ta rashin sabo, kuma wanda ke zuba garin kirefish a miya ya riga ya ci ɗan'uwan jatan lande bai sani ba.

Ya kamata wanda Allah ya kai shi bakin teku ya amfana da ɗanyen kifin da ke gabansa, ya koya wa iyalinsa sarrafa shi. In kuma ya je ganin gida, ya tambayi halin da gulbin garinsu ke ciki, ya mara wa sarkin ruwa baya wajen hana guba da kamun ƙananan kifi, domin kifin da aka bari ya girma bana, shi ne zai cika tukunya baɗi.