Bindiga Mai Sakata da Mai Ɗura Kanta: Abin da Ya Kamata Maharban Gaya da Ajingi Su Sani

Farauta a ƙasar Gaya da Ajingi sana'ar rani ce, wadda ake fita bayan an kawar da amfanin gona daji ya buɗe, kuma kayan aikinta tun kaka da kakanni ba su wuce karnuka da gora da baka da kibiya ba, sai kuma bindigar toka da maƙeran gida suke ƙerawa. Ƙira kuwa tsohuwar sana'a ce a wannan yanki, domin tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, wato maƙeran da suka fara zama a gindin Dala don neman tama, daga Gaya suka taso. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wayar hannu ta kawo wa matasan maharba hotunan mafarautan Amurka da Turai suna muhawara a kan bindigogi iri biyu, mai sakata da mai ɗura kanta, har wasu suka soma ganin cewa wanda bai riƙe ɗaya daga cikinsu ba bai cika maharbi ba. Wannan muhawara tana da amfani idan an fahimce ta, tana kuma iya kai mutum kurkuku ko kabari idan aka ɗauko ta ɗungurungum ba tare da duba ƙasar da za a yi harbin a cikinta ba.

Dukkan bindigogin biyu raifal ne, wato bindigar da aka yi wa tsaga mai murɗewa a cikin bututunta domin harsashi guda ɗaya ya fita yana juyawa, abin da ke sa ya tafi a miƙe kuma ya yi nisa ƙwarai. Da wannan suka bambanta da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, da kuma mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda take watsa ƙananan ƙwayoyin dalma da ba sa kashe dabba sai a kusa, kamar taku talatin zuwa arba'in.

Mai sakata ta samo sunanta daga wani ƙarfe mai hannu da ke bayan bututu, wanda yake aiki kamar sakatar ƙofa. Bayan kowane harbi dole maharbi ya ɗaga hannun, ya ja shi baya kwanson harsashin da aka harba ya faɗo, ya tura shi gaba sabon harsashi ya shiga, sannan ya mayar da shi ƙasa ya kulle. Ƙirar da Bajamushe Paul Mauser ya fitar a 1898 ita ce har yau uwar mafi yawan bindigogin farauta irin wannan, kuma dattawa sun san 'yar uwarta ta Ingila, Lee-Enfield, wadda aka fi sani da Mak-fo a hannun 'yan sanda da sojojin da. Ita kuwa mai ɗura kanta tana amfani da ƙarfin hayaƙin albarushi ko bugun da bindiga take yi baya wajen fitar da kwanso da shigar da sabon harsashi, ta yadda maharbi ba shi da wani aiki sai danna kunama, kowace dannawa harsashi ɗaya. Ba ita ce mai sarrafa kanta ba, wadda take ci gaba da aman wuta muddin yatsa yana kan kunama, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su a suna ɗaya. An soma sayar wa mafarauta irinta a Amurka tun farkon ƙarni na 20, kamar wadda John Browning ya tsara kamfanin Remington ya fitar a 1906.

Idan aka auna su a ma'aunin farauta kawai, mai sakata ta fi saiti a mafi yawan lokuta saboda babu abin da ke motsi a cikinta a lokacin da harsashi yake fita, ta fi sauƙin gyara da sharewa, kuma ta fi jure ƙura, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da hazon hunturu da rairayi suke shiga ko'ina. Fifikon mai ɗura kanta guda ɗaya ne, wato saurin harbi na biyu idan na farko bai kayar da dabba ba, kuma a cikin wannan fifikon haɗarinta yake. Da zarar an harba ta, ta riga ta sake ɗura kanta, don haka maharbin da ya ruga ɗauko abin da ya harba, ko ya tsallake kunya, ko ya juya yana yi wa abokansa albishir, yana riƙe ne da bindigar da ba ta jiran komai sai taɓa kunama. Ko an cire gidan harsashi, sau da yawa guda ɗaya yana nan a cikin bututu, kuma wannan harsashi da aka manta da shi ya sha hallaka mutane a wurin shara da wasa. Akwai kuma illar da take yi wa halin maharbi, domin wanda ya san yana da harsashi na biyu da na uku a shirye yakan yi sakaci da na farko, ya bi dabba mai gudu da harbi ba tare da duba abin da ke bayanta ba.

Abin da ke bayan dabbar shi ne babbar magana a Ajingi. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum 174,137 a faɗin murabba'in kilomita 714, wato sama da mutum 240 a kowane murabba'in kilomita, kuma jama'a sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta da duwatsun da za su tare harsashi, gona tana manne da gona, tsakanin Balare da Gafasa ko Toranke da Kunkurawa da wuya a yi tafiya mai nisa ba a gamu da makiyayi ko mai itace ko yaran da aka aika ba. Harsashin raifal mafi ƙanƙanta yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, manya kuwa suna kaiwa kilomita uku har zuwa sama, alhali naman da ya rage a yankin bai wuce zomo da gafiya da kurege da fakara da zabin daji ba. Manyan bindigogin farauta irin waɗannan an ƙera su ne don manyan namun daji, irin waɗanda a yau sai a gandun Falgore ko Yankari ake jin labarinsu, inda farautar ma haramun ce a doka.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma take aiki har yanzu, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai yake da ikon ba da lasisinsu, kuma a cikinsu akwai raifal na soja masu faɗin harsashi milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. Wannan yana nufin tsohuwar Mak-fo haramtacciya ce duk da cewa mai sakata ce, haka ma AK-47, saboda haka kasancewar sakata a jikin bindiga ba ya halatta ta. Kashi na biyu su ne waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisinsu, kamar raifal na farauta da ba su cikin waɗancan ma'aunai da kuma mai baki ɗaya ko biyu, amma dokar ta fitar da duk mai watsa dalma da take ɗura kanta ko take da wata na'urar sake ɗuri, wanda ya haɗa da wadda ake ja da hannu ana kira famfo. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki irin bindigar toka, waɗanda al'amarinsu yake hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kuma a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta bayyana cewa ta dakatar da ba da sabon lasisi.

Ƙasashen da ake kallon hotunansu ma ba duka suka sakar wa mai ɗura kanta mara ba. Birtaniya ta hana manyanta a 1988, Ostireliya ta bi sahu a 1996 bayan kisan mutum 35 a Port Arthur, New Zealand kuma ta yi haka a 2019 bayan an kashe mutum 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch.

A gida kuwa, abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa kisan gilla a hanyarsu ta komawa Kano yin Sallah, ciki har da mutanen ƙaramar hukumar Bunkure, zalunci ne da babu uzurin da zai wanke shi, kuma bindigogin da aka gani a tare da su ƙirar gida ce ta farauta. Idan har bindigar toka ta zama abin fakewa wajen zubar da jini, babu wuya a gane irin fassarar da za a yi wa matashin da aka kama da raifal mai ɗura kanta a lokacin da ake fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Ana kira ga Sarakunan Baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta na Gaya da Ajingi da su rubuta sunayen mabiyansu da irin bindigar da kowa yake riƙe da ita, su kai wa dagatai da ofishin 'yan sanda na yankinsu, su kuma hana duk wanda ya zo da raifal marar lasisi shiga ayarin farauta tun kafin a bar gari.