Wa Zai Nome Sabuwar Ƙasa? Bauta a Yammacin Amurka da Kudancin Kano

Duk wanda ya tashi a ƙasar Rano ko Kibiya ya san yadda tsofaffi ke sassauta murya idan hira ta kai zamanin Ningawa. Ni a bakin kakata na fara jin labarin, ita kuma daga tata kakar ta ji. Ta ce a lokacin manomi ba ya nisa da ganuwa. In za a fita gona da damina, sai a ɗora yaro mai kaifin ido a kan dutse ko a saman kuka, ya zuba wa gabas ido. Da ya hango ƙura ta tashi sai ya kwarma ihu, kowa ya yar da fartanya, mata su saɓi goyo, a yi rige-rigen ƙofar gari. Wanda aka rufe ƙofa yana waje, sai dai a yi masa addu'a. Abin da ba ta faɗa mini ba, sai da na girma na karanta, shi ne dawakin Kano ma suna tayar da irin wannan ƙurar a ƙasar Warji da tsaunukan Ningi, kuma can ma akwai yaro a kan dutse, shi yamma yake dubawa.

Wannan tunanin ne ya dawo mini da na sake bibiyar yadda Amurka ta faɗaɗa zuwa yamma har bauta ta tsaga ta gida biyu. Tafiyar ba iri ɗaya ba ce, amma ƙarnin ɗaya ne, kuma tambayar da ke ƙarƙashi ɗaya ce: ga ƙasa shimfiɗe, ga ƙarancin hannu, to wa zai nome ta, kuma wa ya halatta a mallaka?

A 1803 Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, girman ƙasar ya kusan ninkawa a dare ɗaya. Shekara goma kafin nan, a 1793, Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, abin da mace za ta wuni tana gurzawa da hannu sai inji ya gama shi kafin a sha ruwa. Masaƙun Ingila suka buɗe baki suna neman kaɗa, masu gandu a Kudu kuma suka shiga neman sabuwar ƙasa, domin auduga da taba suna cinye ƙarfin gona. Ƙasar nan tana da masu ita. Dokar 1830 ta ba da damar tashin 'yan asalin wurin, aka kora Cherokee da wasunsu zuwa hayin kogin Misisifi, dubbai suka mutu a hanya. Aka kawo bayi suka sare dajin. Tun 1808 an hana shigo da bayi daga Afirka, saboda haka kasuwar ta koma cikin gida: kimanin mutum miliyan ɗaya aka ɗebe daga tsofaffin jihohi irin su Bajiniya aka kai su kudu da yamma, yawancinsu sayar da su aka yi, aka raba uwa da ɗa, miji da mata. Bayin da ba su wuce 700,000 ba a 1790 sun kusan kai miliyan 4 a 1860.

Rigimar ta taso ne daga lissafin kujeru. Kowace jiha sanata biyu gare ta, kuma a 1819 jihohi masu bauta 11 ne, marasa bauta 11. Duk sabuwar jihar da za a yanka a yamma za ta rinjayar da sikeli gefe guda. Da Mizuri ta nemi shiga, aka yi sulhun 1820: ta shiga da bautarta, Maine ta shiga babu, sannan aka ja layi a taswira aka ce arewa da shi ba bauta a sauran yankin Luwiziyana. Layin ya riƙe shekara talatin da 'yan kai. Yaƙin da aka yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya ƙaro wata makekiyar ƙasa, ɗan majalisa David Wilmot ya nemi a hana bauta a cikinta, Kudu ta ce ba za ta saɓu ba. Aka sake ɗinki a 1850, Kalifoniya ta shiga ba bauta, amma aka tilasta wa mutanen Arewa su taya kama bawan da ya gudu. A 1854 dokar Kansas da Nebraska ta share layin 1820, ta ce mazauna wuri su zaɓa da kansu, sai kowane ɓangare ya kwararo mutanensa da bindigogi. A 1856 wani ɗan majalisa daga Kudu ya sami Sanata Charles Sumner a teburinsa cikin zauren majalisa ya yi ta dukansa da sanda har ya suma. A 1857 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Zaɓen Abraham Linkon a 1860 ya ƙarasa tsinka igiyar. Yaƙin basasa ya ci rayuka sama da 600,000, a 1865 aka gyara tsarin mulki aka soke bauta.

A daidai shekarun da Wilmot ke tayar da ƙura a majalisa, wajen 1846, wani malami mai suna Hamza ya tashi daga Tsakuwa a ƙasar Kano tare da almajiransa, bayan sun yi jayayya da masu karɓar kuɗin ƙasa. Suka shige tsaunukan Ningi suka zauna cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa. Daga wannan hijirar aka samu daular da ta hana kudancin Kano barci kusan shekara hamsin, musamman zamanin Ɗan Maje da Haruna, da Ɗan Yaya daga baya. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya ƙarar da shekaru masu yawa na mulkinsa yana fafatawa da su.

Daular Usmaniyya ma tana da nata salon cin iyaka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗora manufarsa a kan ribaɗi: a gina gari mai ganuwa a bakin daga, a zaunar da mayaƙa da malamai da makiyaya, a nome abin da ke kewaye. Shi da kansa ya tare a Wurno. A Kano, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, da waɗanda suka gaje shi sun bi wannan sawu, gandayen sarki suka bunƙasa a wurare irin su Fanisau da Dorayi da Takai. Ganuwa ba ta gina kanta, gandu ba ya nome kansa. Kamammun yaƙi ne ke yi, waɗanda aka kamo daga ƙasashen kudu da gabas.

Baba ta Karo, wadda ta girma a yankin Zarewa, yamma da mu, ta bai wa Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954, kuma a ciki ana ganin rinji, wato ƙauyen bayi, ido da ido. Da hantsi bayi su fita gandun ubangiji, a kai musu abinci gona, bayan azahar a sallame su kowa ya nufi 'yar gayaunarsa, ya noma abin da zai ci ko ya sayar. Dawa da gero ne suka fi yawa, amma akwai auduga da baba. A tsohon rabon sarautun Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, Zazzau kuwa sarkin bayi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga marini yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa, launin yana juyawa daga kore zuwa shuɗi da iska ta taɓa shi, ya san irin aikin da ke bayan rawani ɗan Kura guda ɗaya: noman kaɗa, gurza, kaɗi, saƙa, noman baba, toka, bugu. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufafinta ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Muna alfahari da wannan shaida tasa, kuma ya cancanci alfahari, amma a cikin zaren akwai gumin mutanen da ba su zo ƙasar nan da ƙafarsu ba. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya ƙiyasta bayin Daular Usmaniyya da miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙasashe kaɗan ne a wancan ƙarnin suka kai haka.

Mu ma mun yi muhawara a kan bauta, sai dai namu layin ba a taswira aka ja shi ba, a kan mutum aka ja shi. Tun 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawa cewa launin fata ba hujjar bauta ba ce, kuma ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Bautar da 'ya'yan Musulmi na cikin abin da Shehu Usmanu ya zargi sarakunan Haɓe da shi. Ƙanensa Abdullahi ya ga yadda ganima da ƙwarƙwarori suka fara ɗauke hankalin wasu mayaƙa, ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkami. A 1824 Bello ya tattauna da Bature Clapperton a kan hana kai bayi bakin teku. Duk wannan gaskiya ne. Amma tambayar malamanmu ita ce wa ya halatta a bautar, ba ko bautar kanta ta halatta ba. Kuma a bakin iyaka irin ta Rano, wa ke tsayawa ya tantance? Mahari a kan doki ba ya tambayar mutum kalmar shahada. Manomin Kibiya da aka kama yana tsakar salla yakan ƙare a hannun wani, 'yan uwansa su yi ta karo-karon wuri don fansa. Ningawan da ke kama shi kuwa malamai ne suka kafa daularsu.

Akwai bambanci na gaskiya tsakanin tsarin biyu, kuma ba adalci ba ne a ɓoye shi. A Bajiniya tun 1662 doka ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, ko da ubangijin ne ubansa. A nan ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta. Akwai murgu, inda bawa ke biyan wani abu ya yi sana'ar kansa, akwai fansar kai, akwai 'yantawa don kaffara ko neman lada. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma hakimai na shakkar su. Sai dai na ji mutane da yawa suna kawo waɗannan don su rufe zancen, kuma ban yarda ba. Yarinyar da aka fizge daga gindin dutse a Warji aka kora ta da igiya har kasuwar Kurmi, sarautar Shamaki ba ta rage mata komai ba.

Amurka ta yanke nata hukuncin da hannunta, da jini mai yawa, har wani ɗan Barno, Nicholas Said, haifaffen Kukawa wanda aka sayar ta Sahara yana yaro, ya shiga rundunar jihohin Arewa a yaƙin basasar a 1863. Mu kuwa daga waje aka yanke mana. A farkon Fabrairun 1903 sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland da suka taso daga Zariya suka fasa ƙofar Bebeji, nan kusa da mu, bayan kwana biyu suka shiga Kano, kasuwar bayi ta tashi. Shugabansu Lugga ya kafa hujjar yaƙinsa da hana farautar bayi, amma bai 'yanta su ba, don yana tsoron gandaye su mutu, sarakunan da yake so ya mulka ta hannunsu su juya masa baya. Dokarsa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, ta hana kamu da saye da sayarwa, sauran kuma su fanshi kansu a gaban alƙali. Dubban dubata ba su jira ba, suka gudu. Wasu suka tara kuɗin fansa da gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a Arewacin Najeriya. Lovejoy da Jan Hogendorn sun kira wannan mutuwar sannu a hankali.

Abin da ya mutu a hankali yakan bar saura. Har yau akwai ƙauyuka da unguwanni masu suna Rinji ko Gandu, yara na wucewa ba su san daga ina sunan ya fito ba. Wani abokina ya nemi aure shekarun baya a wani gari kudu da Kano. An kai gaisuwa, an karɓa, sai iyayen yarinyar suka tura bincike kamar yadda aka saba. Bayan mako biyu wani dattijo ya zo da safe, ya zauna a zaure, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ajiye kuɗin a gefen tabarma ya ce a yi haƙuri, Allah bai yi ba. Ba a faɗi dalili ba. Mahaifin abokina bai tambaya ba, domin ya san sunan rinjin da aka haifi kakansa.