Bargon ƙyallaye: labarin matan Gee's Bend da tsummokinsu

A filin aikin hannu na wannan fitowa mun ɗauko maganar bargon ƙyallaye, wato mayafin da ake harhaɗa guntayen yadi a yi masa fuska, a shimfiɗa auduga ko tsohon zane a tsakiya, a sa masa shafi daga ƙasa, sannan a bi da allura a ɗinke hawa ukun su zama abu guda. Turawa na kiransa kwilt. A ƙasashensu ya zama aikin ɗebe kewa, har ma akan sayi sabon yadi da tsada a yayyanka shi domin a sake haɗawa, abin da kakanninmu za su ji su riƙe baki. To amma ƙauyen da za mu ba ku labarinsa, sanyi ne da rashi suka koya wa matansa wannan ɗinki.

Sunan ƙauyen Gee's Bend, a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Kogin Alabama ya yi wata babbar kwana a wurin, ya kewaye shi ta fuska uku, hanyar ƙasa ɗaya tak ta rage. Wani Bature mai suna Joseph Gee ya kafa gandun auduga a nan a 1816, da ƙarfin bayi. A 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso daga jihar Karolina ta Arewa da bayi fiye da 100, akasarinsu a ƙasa suka yi tafiyar. Shi ya sa har yau gidaje da yawa a ƙauyen ke amsa sunan Pettway, alhali ba jini ne ya haɗa su duka ba, sunan ubangiji ne ya bi bayinsa. Da aka soke bauta a 1865 mutanen ba su watse ba, suka ci gaba da noman haya a gonakin da iyayensu suka yi bauta, suna cin bashin iri da abinci, su biya da kaka.

A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi warwas. Attajirin da ke ba su bashi a garin Camden, ƙetaren kogi, ya rasu, sai magadansa suka turo masu karɓar bashi a 1932, aka kwashe alfadarai, da shanu, da kaji, da garemani, har da abincin da aka adana. Agajin Red Cross ne ya fitar da su daga sanyin wannan shekara. Ɗakunansu na gungumen itace ne, iska na kurɗawa ta tsakani, sai a liƙe bango da tsofaffin jaridu. Gida mai ƴaƴa goma, kowane gado na bukatar mayafi uku ko huɗu, ga shi babu kuɗin sayen ko ɗaya. Abin da ke hannu shi aka ɗinka: wandon gona da gwiwarsa ta huje, rigar da yaro ya fi ƙarfinta, buhun gari da na taki, da guntun audugar da aka tsinto bayan girbi.

Aikin kashi biyu ne. Haɗa fuska, kowace mace ita kaɗai take yi, da dare ko lokacin da ruwa ya hana zuwa gona. Ɗinke hawa ukun kuwa aikin gayya ne. Idan an kare girbi sai maƙwabta su taru a gidan ɗaya, a ɗaure bargon a jikin katako, su zauna kewaye da shi suna ɗinki suna waƙa, gobe kuma a koma gidan wata. Zanen da suka fi so shi ne wanda suke kira rufin ɗaki: a sa ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, a dinga kewaye shi da dogayen ƙyallaye har ya kai faɗin gado. Sai dai ba sa bin ma'auni sau da ƙafa. Idan shuɗi ya ƙare a tsakiyar layi, a ƙarasa da ja, idan layi ya karkace a bar shi haka. Mu dai a ganinmu a nan kyan aikin yake, domin ido ba ya gajiya da shi kamar yadda yake gajiya da zanen inji.

Akwai bargo guda da labarinsa ya fi tsaya mana a rai. A 1942, bayan rasuwar mijinta Nathaniel, wata mata mai suna Missouri Pettway ta tattara kayan gonarsa, wanduna da riguna, ita da ɗiyarta suka farke su, ta ɗinka bargon da za ta dinga lulluɓa da shi. Launinsa toka-toka ne da shuɗin da rana ta cinye, ga tabon ƙasa a inda gwiwa take. Bargon yana nan har yau, masu tarihin fasaha na rubutu a kansa.

A shekarun neman ƴancin baƙar fata, mutanen ƙauyen sun soma haye kogi zuwa Camden domin rajistar zaɓe. A 1962 hukuma ta tsayar da jirgin fiton da ke kai su, tafiyar da ba ta wuce ƙetare ruwa ba ta koma ta kusan awa guda a mota, ga wanda ke da motar. Jirgin bai dawo ba sai 2006. Martin Luther King ya ziyarci ƙauyen a 1965, kuma da aka kashe shi a 1968, alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee, suna ɗinki ana kaiwa manyan kantunan birni. A 1972 kamfanin Sears ya ba su kwangilar rigunan matashin kai, na wani yadi mai kauri mai kama da karammiski mai layi-layi. Ragowar yadin ba a zubar ba, ta bi mata gida, shi ya sa bargunan waɗannan shekaru suka cika da ruwan zinariya da kore da ja.

Sunan ƙauyen bai fita duniya ba sai a ƙarshen shekarun 1990. Wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton wata dattijuwa, Annie Mae Young, da bargonta a shanye bisa tarin itace, ya yi ta cigiya har ya iske gidanta. Da farko ta ɗauka bargon yana cikin waɗanda ta ƙona kwanan baya, domin a can tsohon bargo akan cinna masa wuta hayaƙin ya kori sauro. Washegari ta gano shi, ta ce ya ɗauka kyauta, shi kuwa ya biya ta dubban daloli a kansa da wasu. A 2002 aka baje barguna 70 na ƙauyen a gidan kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka wuce da su gidan Whitney na Niyu Yok, inda aka rataye su a bango kamar zanen manyan gwanaye. A 2003 matan suka kafa ƙungiyarsu ta sayarwa, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga tambur, wato kan sarki, iri 10 ɗauke da hotunan bargunansu.

Sai dai inda kuɗi ya shigo, magana ta biyo. Aka soma buga zanen nasu a jikin darduma da zanen gado da kayan kanti. A 2007 Annie Mae Young da Loretta Pettway suka kai ƙara kotu a kan iyalin Arnett da wasu kamfanoni, suna cewa ba a ba su haƙƙinsu yadda ya kamata ba, yayin da wasu matan ƙauyen da dama suka tsaya wa mutumin da ya fitar da sunansu. An rufe shari'ar a 2008 bayan daidaitawa. Ƙungiyoyin matanmu masu saƙa da rini da ɗinkin hula, waɗanda baƙi ke saye daga hannunsu, ya kyautu su lura da wannan: sayar da abu daban, sayar da izinin kwaikwayon zanensa daban, kuma kowanne a rubuta shi a takarda gaban shaidu. Daga 2021 wasu daga cikin matan Gee's Bend sun buɗe shagunansu a intanet ta dandalin Etsy, suna sa farashi da kansu.

Wannan ɗinki mai hawa uku ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya kalli hawan salla a Damagaram ko Katsina ya ga ƴan lifidi. Lifidi yadi ne biyu da aka cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, aka bi da ɗinki kusa-kusa, sau da yawa da ƙyallaye masu launi daban-daban a fuskarsa. Dabarar ɗaya ce, illa dai namu an yi shi ne don tare kibiya, nasu don tare sanyi. Ƙyallen ma ba mu rasa shi ba, kowa ya san abin da teloli ke sharewa daga ƙarƙashin keke a goman ƙarshe na azumi.

Wadda ke son gwadawa, shawararmu kada ta fara da bargon gado. Ta fara da shimfiɗar jariri, kamar mita ɗaya tsawo da faɗi. A wanke ƙyallayen duka tukuna, domin sabuwar atamfa kan tsuke bayan wankin farko, wani rinin kuma yana zuba, sai a goge su. A haɗa masu nauyi ɗaya, kada a ɗinka wandon jins da yadi mai santsi, mai ƙarfin zai yage marar ƙarfin. A bar kamar santimita 1 a bakin kowane ɗinki. A yankunanmu masu zafi, tsohon zane ɗaya ko biyu ya isa a tsakiya, ba sai an cusa auduga ba, kuma ya fi saurin bushewa.

Idan an shimfiɗa hawa ukun a kan tabarma, a kama su da manyan ɗinki na wucin gadi don kada su zame. Sannan a soma ɗinkin gaske daga tsakiya ana nufar baki, allura ta nutse ta ɓullo a miƙe, tazarar layi da layi kamar yatsu biyu ko uku. Wadda ta faro daga baki za ta iske yadin ya tattare mata a tsakiya, sai ta warware. Daga ƙarshe a bar shafin ya ɗara fuskar da yatsu biyu, a naɗo shi sama a kalmashe bakin, a cire ɗinkin wucin gadin.